Mis Orlinda, Mai Tsaron Rabin Ƙofa

Kafin fasinja na farko ya tako cikin jirgin ruwa, Mis Orlinda Bodden ta riga ta tuɓe takalmanta a bakin ɗakin yara. Sai ta sauka a kan gwiwoyin nan nata da suka daɗe suna kai ƙara, ta bi ɗakin da rarrafe daga wannan lungu zuwa wancan. Ta ce wanda yake tsaye ba ya ganin abin da yaro ke gani: maɓallin da ya gangara ƙarƙashin kujera, bakin tebur mai kaifi, guntun alewar da wani ya tofar makon jiya. In ta gama sai ta dafa bango ta miƙe, ta wanke hannu, ta je ta tsaya inda ta shafe shekara talatin da wani abu tana tsayawa, wato bayan rabin ƙofa, irin wadda ake rufe ƙasanta a bar samanta buɗe, babba ya leƙa, yaro ya kasa fita.

Watan gobe sabon jirgin da kamfaninsu ya ƙera musamman domin iyali zai fara ɗibar mutane daga tasharmu ta Canaveral. Da yake tun da na bar koyarwa nake dafa shayi a gidan hutun ma'aikatan jirgi da ke bakin tashar, maƙwabta sun ɗauka ni ce kyaftin. Da gaske akwai wurin zamiya na ruwa da ya leƙa har saman teku? Akwai. Da gaske yaro zai matsa wa kansa askirim ba mai hana shi? Da gaske ne, Allah ya ba iyaye haƙuri. Akwai gadaje masu hawa biyu da labule, akwai tafki mai iya gwiwa don masu tatata, akwai ɗakin wasan kwaikwayo da ake tashi da wuri. An rubuta kalmar iyali a kowane bango. Ni kuwa tarihi na koyar, kuma abin da ya koya mini shi ne, in kalma ta cika bango, a nemi wanda aka hana ta. Jirgin iyali, waɗanda suka baro nasu iyalin wata takwas ko tara ne ke share shi, su dafa, su yi raino. Ɗaya daga cikinsu nake so in jinjina wa tun tana raye tana ji.

Mis Orlinda tana da doka guda, kuma ba a rubuce take a ko'ina ba. Ba wanda zai ajiye ɗansa a ɗakinta ya sulale. Sai ka durƙusa idonka ya yi daidai da nasa. Sai ka faɗa masa za ka tafi. Sai ka faɗa masa yaushe za ka dawo, kuma da abin da ya sani za ka faɗa, ba da agogo ba: bayan abincin rana, bayan barci, in jirgi ya busa ƙaho. In ka faɗa kuma dole ka cika.

Luz, 'yar Filifin ɗin da ta daɗe tana aiki tare da ita, ba ta gajiya da ba da labarin wani ƙaton direban babbar mota daga Ohio. Ɗansa ya shagala da jirgin ƙasa na roba, shi kuma ya juya yana sanɗa da yatsun ƙafa.

"Yallaɓai, ina zuwa haka kamar wanda ya saci kaza?"

"Yi a hankali, Mis, kada ki tona ni. Bai gan ni ba."

"Shi ya sa. Dawo ya gan ka."

"Zai yi kuka fa! Yaron nan in ya buɗe maƙogwaro har kyaftin sai ya ji."

"Kyaftin ya saba. Durƙusa."

"Da wannan tumbin?"

"Zai ba ka hanya, ai ba a buɗe wurin cin abinci ba tukuna."

Ya durƙusa yana nishi, ya yi sallamar, yaro ya tsala ihu yadda aka yi alkawari. Mis Orlinda ta ɗauke shi ta kai shi jikin tagar nan mai da'ira, suka yi ta kallon ruwa har kukan ya lafa. Ba zan ce kullum haka ake ƙarewa ba. Akwai masu yi har iyayen su dawo, kuma ita ba ta taɓa yi wa kowa alkawarin ba za a yi kuka ba. Abin da take cewa kawai shi ne, kukan wanda aka yi wa sallama yana da ƙarshe. Wanda aka sulale masa sau da yawa ba ya ma kukan, sai dai ya ajiye abin wasa ya zauna yana kallon ƙofa.

Kakanni sun ce a lallaɓa a tafi, maƙwabta sun ce haka, an kuma sa wa abin suna tausayi. Na daɗe ina zargin cewa babba kansa yake tausaya wa, shi ne ba ya son ganin hawayen. Amma ni zargi kawai nake yi. Ita ta sani.

A tsibirin Roatán aka haife ta. Mahaifin 'yarta Darleny ya bi jirgin kamun kifi bai sake aiko da ko gaisuwa ba, aiki kuma babu sai na ruwa. Ranar da za ta fara tafiya, Darleny tana 'yar shekara huɗu. Mahaifiyar Orlinda ta ce kada a bari yarinya ta ga jaka, haka kowa ke yi. Aka aike ta gidan mai burodin kwakwa a ƙarshen layi, Orlinda ta shige mota. Yarinya ta dawo da burodi biyu, ɗaya nata, ɗaya na uwarta.

Da Orlinda ta dawo hutun farko da akwati cike da riguna da 'yar tsana, Darleny ta tsaya bayan kakarta ta ce, "Sannu da zuwa, Mis Orlinda," yadda maƙwabta ke faɗa. Aka yi dariya, aka ce yarinta ce, za ta daina. Yau ta haura talatin, ma'aikaciyar jinya ce, tana da tata 'yar mai suna Nayeli, kuma ba ta daina ba. Duk ranar da hutu ya ƙare, tun safe ake neman ta a rasa. Da tana ƙarama gidan ƙawa take tafiya, da ta girma sai aikin asibiti ya taso. Na sha jin wayarsu daga inda nake zuba shayi, don ma'aikata wurinmu suke zuwa kiran gida in jirgi ya tsaya. "Lafiya lau, Mis Orlinda. Ga Nayeli ku gaisa." Shi ke nan. Orlinda ta ajiye waya, ta sha shayinta a tsaye, ta koma ga 'ya'yan mutane.

Ke ce, Orlinda, kika goya 'ya'yan da ba za su tuna sunanki ba. Ke ce kika san waƙar barci da harsuna huɗu, kika san yaron da jirgi ke juya wa ciki tun kafin shi ya sani. Uwar mako guda, mai miƙa yaro ta saman ƙofa ranar sauka ta yi murmushi. Wata a matsayinki da ta bar iyaye su yi yadda suka ga dama, tunda ba ruwan albashi da sallama. Ke kika ɗauki abin da ya fi yi miki ciwo kika mai da shi doka don kada ya sami wani.

Kafin sabon jirgi ya ɗauki baƙi, akan yi masa tafiyar gwaji. Sai a gayyato iyalan ma'aikata su kwana a gadajen, su murɗa kowane famfo, su ci abincin, 'ya'yansu su karya duk abin da zai karyu tun da sauran lokacin gyara. Shirya ɗakin yara na wannan jirgi shi ne aikin Orlinda na ƙarshe kafin ta ajiye. Abu ɗaya ta roƙa a sa mata, rabin ƙofa, aka kuwa sa. Ta gayyaci Darleny, amsar da ta samu ita ce, "Za mu gani." Ni ma ta sa sunana, wai in ba su zo ba kada gado ya kwana shi kaɗai.

Ranar tashi ba ta bar bakin ƙofarta ba, amma ta aike ni saman jirgi in duba layin masu shigowa har ƙafafuna suka fara zagina. Luz ta ce, "Mami, kin goge teburin nan har fenti ya fara fita. Ki bar wa fasinja saura." Sai wajen ƙarshen layi na hango wata doguwar mace da yarinya a kafaɗa, tana tafiya irin ta Orlinda sak. Da suka haɗu ta ce, "Sannu, Mis Orlinda. Jirgin naku babba ne." Orlinda ta ce, "Babba ne." Suka tsaya suna kallon yarinya, don ita ce wurin da ya fi sauƙin kallo.

Washegari da hantsi Darleny ta kawo Nayeli ɗakin yara. Yarinya ta hango wani kifin roba mai girman mutum ta ruga. Darleny ta juya a hankali, ta fara ja da baya. Ina zaune a gefe, na ga Luz ta dubi Orlinda. Ƙaton Ohio bai sa ta jinkirta ba, amma nan sai da ta jinkirta.

"Darleny. Dawo ki yi mata sallama."

Darleny ta tsaya, ba ta juyo duka ba. "Ni kike gaya wa?"

"Kowa nake gaya wa."

"Kowa. Ai na ji labari. 'Ya'yan Ohio, 'ya'yan Texas, duk an durƙusa musu. Sun yi sa'a."

Luz ta ce ba ta taɓa ganin Orlinda ta fita daga ƙofar nan a lokacin aiki ba. Ranar ta zare sakata ta fito. Ta dafa bango ta sauka a kan gwiwoyinta a gaban mace mai tsawo, idonta ya tsaya daidai ɗamarar rigarta.

"Nan idonki yake a lokacin," ta ce. "Darleny, zan tafi aiki a jirgi. Zan daɗe. Ba don kin yi jinkiri a hanya ba ne. Ko da kin tashi sama kin dawo, da ba ki same ni ba, don da gangan aka aike ki, kuma da yardata."

Darleny ta kau da kai zuwa bango. Da ta yi magana, muryar ba ta ma'aikaciyar jinya ba ce.

"Na yi gudu fa. Har na faɗi. Amma ban yar da burodin ba."

"Ban san kin faɗi ba."

"Ba wanda ya tambaya." Ta ja hanci. "Tashi, mutane na kallo. Gwiwar nan in ta ƙi miƙewa ni za a kira."

Ta kama hannunta ta ɗaga ta, irin ɗagawar asibiti, ba runguma. Sai ta shiga ɗakin ta durƙusa gaban 'yarta. "Nayeli, zan tafi. Zan dawo bayan kun ci abinci." Nayeli ko ɗago kai ba ta yi daga kifinta ba. "To, tafi mana." Luz ta fashe da dariya tana share ido da bayan hannu.

Ranar sauka, Darleny ce mai tafiya, Orlinda mai zama, don an roƙe ta ta raka jirgin tafiye-tafiyensa na farko ta koya wa sababbi. Na yi zaton za a nemi Darleny a rasa kamar kullum. Sai ga ta da jaka, ta ƙwanƙwasa rabin ƙofar duk da samanta a buɗe yake.

"Mun tafi. Ke kuma kin bar abu ɗaya ba ki faɗa ba. Yaushe?"

"Kafin mangwaron bayan gidan kakarki ya nuna."

"Iska ta kayar da shi tun damina."

"Ba ki gaya mini ba."

"Ba kya nan." Ta gyara yarinya a kafaɗa. "Akwai wani ƙarami a bayan gidana. Bana ya fara fure."

"To, kafin wannan ya nuna."

"Haka zan gaya wa Nayeli. Kin san dokarki."

Ba ta ce Mama ba. Na kasa kunne da kyau, ba ta faɗa ba, masu son labari ya ƙare da zuma sai su yi haƙuri. Amma ta tsaya a bakin ƙofa, ta yi sallama, ta kuma tambayi yaushe.

Saboda haka ku da kuke tambayata abin da za ku tarar a sabon jirgi: za ku tarar da zamiya da askirim da duk abin da kuka gani a talla. A hawa na ƙasa kuma, bayan tafkin ƙanana, za ku tarar da rabin ƙofa, da wata tsohuwa ko waɗanda ta koyar, da za su hana ku sulalewa. Kada ku yi musu. Ku durƙusa, a jirgi ne ko a ƙofar makaranta ko a bakin mota, ku faɗa wa yaro za ku tafi, ku faɗa masa yaushe, ku kuma dawo. In kun tashi, ku tambayi mai riƙe muku shi sunan nata ɗan.

Mun gode, Orlinda, a madadin dubban yaran da suka yi kukansu ya ƙare. Allah ya huta da gwiwoyin nan, ya kai ki gida a kan lokaci.

Shekaranjiya ta shigo wurinmu ta kira tsibiri. Wayar ta fi ta kullum tsawo, har shayinta ya huce. Na ji tana tambaya, "Mangwaron ya kai ƙwai girma?" Ta saurara, ta gyaɗa kai, ta ce, "To, da saura kaɗan. Ki ce wa Nayeli kada ta tsinka, ina hanya."