Yadda Aka Kashe Rediyon Gidanmu

Ni ba mai fita ba ce. Duk wanda ya san ni a unguwarmu a Azare ya san in ba suna ko gaisuwar mutuwa ba, ƙafata ba ta tsallake zaure. Bokona a aji uku ya tsaya, rubutun nan ma da ɗan abin da na tsinta a ajin yaƙi da jahilci nake lallaɓa shi. Amma Allah ya ba ni kunne. In mutum ya yi magana sau ɗaya a gabana, zan maido masa da ita da muryarsa, har da tarin da ya yi a tsakiya. Shi ya sa maganganun da aka faɗa mini a kan 'yata suke nan daram a kaina, ba wadda ta goge, kuma har yau in na tuna su sai abinci ya fita raina.

'Yar fari ce. Kun dai san al'ada: ban taɓa kiran sunanta ba, ba na yabonta a gaban mutane, in ta faɗi ba ni ke ɗaga ta ba sai in babu kowa a wurin. Ita ma Adda take ce mini, yadda ta ji ƙannena suna faɗa. Mai ita a gidan ita ce kakarta, uwar maigidana, wadda ta baro Bulkachuwa ta dawo wurinmu bayan rasuwar mijinta. Ɗaki ɗaya suke kwana, kwano ɗaya suke ci.

Tun tana ƙarama, duk abin da yarinyar nan za ta yi sai ta faɗe shi a bakinta ƙasa-ƙasa, tana rangaji gaba da baya. In na aike ta ɗebo ruwa, zan ji ta tana tafe tana cewa, “Moɗa, randa, a rufe randa, kar a zubar.” In wani ya daka mata tsawa ya ce ta yi shiru, sai ta tsaya cak a tsakar gida da moɗa a hannu, ta manta inda za ta. Kaka ce ta laƙaba mata rediyon gida.

“Ƙawata, yau wace tasha muka kama?”

“Ba tasha ba ce, Kaka, wanke-wanke ne.”

“To ƙara murya mana, batirin ya yi sanyi.”

“Ba ni da batir.”

Sai Kaka ta yi ta dariya har ɗankwalinta ya zame. Ita kuwa yarinyar ko a jikinta, ta ci gaba da lissafa kwanukanta.

Ba ta kallon mutum a ido, ko ni. A garinmu wannan ba aibu ba ne, abin yabo ne. Baƙi in sun zo sai su ce, “Kai, wannan yarinya akwai kunya.” Kaka ta bugi ƙirji ta ce jinin Fulani ne, a wurinta ta gado. A Islamiyya kuwa kowane yaro rangaji yake yi yana karatu da ƙarfi, don haka ita ce ma ta fi kowa dacewa da wurin. A firamare malami ya faɗa, aji ya amsa baki ɗaya, yara sun cika ɗaki har bakin taga, wa zai ji gunguninta? Ko jarrabawar ƙarshen zango, malami ya rubuta tambayoyi a allo ya fita baranda hira, ita tana ta ƙus-ƙus ɗinta tana rubutawa. Ba ta zuwa ta ɗaya, ba ta zuwa ta ƙarshe. Daga aji ɗaya har aji shida ba malamin da ya taɓa aiko mini cewa 'yarki tana da matsala.

Sai ga jarrabawar shiga sakandare. A shekarun nan ne wayar hannu ta fara shigowa Azare, ina tunawa don ranar da babanta ya yi maganar yana ta juya sabuwar wayar abokinsa da ya aro don ya nuna mana. Tela ne a kasuwa, mutum ne mai magana ɗaya. Ya ce, “In ta ci ta wuce. In ta faɗi ta sake sau ɗaya. In ta kuma faɗuwa ta zauna ta taya ki aiki, ga ƙannenta a baya.” Ita kuwa ba abin da take so a duniya irin sakandaren nan. Wata 'yar maƙwabta ta ba ta labarin akwai ɗaki a can cike da kwalabe da gilashin da ke nuna ƙwayoyin da ke cikin ruwa. Tun daga ranar, in tana tace ruwan randa sai in ji ta: “Akwai su a ciki, ba a ganinsu, sai da gilashi.”

A wata makaranta aka yi jarrabawar, masu tsaron ma baƙi ne, ba su san yaran ba. Tun kafin azahar sai ga ta ta dawo ita kaɗai, hannuwa biyu a kan kunnuwa. Ta wuce ɗakin Kaka ta zauna a bayan ƙofa tana rangaji kamar za ta karye. Ba hawaye, ba magana. Sai da yamma wata 'yar ajinsu ta zo ta ba mu labari. Mai tsaro ya ce kowa ya yi tsit. Aka raba takardu, ita ta fara karanta tambaya a bakinta yadda ta saba. Ya buga tebur. Ta tsaya, can ta ci gaba. Ya zo kanta ya ce, “Ke, wa kike ba amsa? Dube ni!” Ba ta dube shi ba. Ya juya ga ajin ya ce, “Kun gani? Mara gaskiya ba ya iya haɗa ido.” Ya fizge takardar ya kore ta waje.

Jama'a, kunyar nan da aka shekara goma sha wani abu ana yaba mata, ita ce rana ɗaya ta zama shaidar sata.

Washegari na ɗauko mayafina. Kaka ta bi ni da kallo.

“Ina zuwa?”

“Makarantarsu.”

“Ke? A kan 'yar fari? Bari kawunta ya je mana. Me mutane za su ce?”

“Su ce, Inna.”

Sai ta kunce bakin zaninta ta miƙo mini goro ta ce in riƙe a baki kar in yi wa mutane rashin kunya. Babanta ma da na nemi izini cewa ya yi, “Je ki, amma ban da ɗaga murya.” Rabona da hawa acaɓa har na manta, ranar na hau.

Hedimasta dattijo ne mai fara'a, kuma fara'ar tasa ce ta fi ƙona mini rai. Ya sa aka kawo mini kujera.

“Baiwar Allah, ke gwaggonta ce?”

“Ni na haife ta, Malam.”

“Af! Na ɗauka 'yar fari ce.”

“Ita ce.”

Ya ɗan kalle ni ta saman tabarau, irin kallon da ake yi wa wadda ta fito ba ɗankwali. Na ce masa yarinyar nan ba ta sata, ko ƙuli-ƙuli ta tsinta a ƙasa sai ta zagaye gida tana neman mai shi. Na ce da bakinta take tunani, in aka rufe bakin an rufe kan. Ya ce ya sani, shi ma ya san halinta, ba ya zarginta. Na ji sanyi. Na ce to tunda haka ne, baɗi a ajiye ta a baranda ita kaɗai, ko a gindin bishiya, a sa mutum ya tsaya a kanta, ta yi gunguninta ba mai ji.

Ya yi dariya, ya tafa hannu a hankali.

“Ai ba a yin haka. Jarrabawar nan iri ɗaya ce ga kowa, ɗaki ɗaya, lokaci ɗaya, doka ɗaya. In aka ba 'yarki baranda, gobe kowa ya zo ya ce baranda yake so. Adalci ke nan, baiwar Allah.”

Adalci. Na dawo gida ina tauna kalmar nan tare da goron Kaka. Surukata ba ta da haƙoran taunawa, in na yi dambu ita kunu nake dama mata, kuma ban taɓa jin wani a gidan ya tashi ya ce an yi masa rashin adalci ba. Masu jarrabawar nan, abin da suke son sani shi ne ko yarinya ta iya lissafi da Turanci, ko kuwa ko ta iya rufe baki? In rufe baki ne, su faɗa mana tun daga aji ɗaya. Wane irin abu ne a shekara shida ana koya wa yara karatu da ihu, malami na cewa “Ban ji ku ba, ku ƙara murya,” sannan ranar da za a yanke musu hukunci a ce wanda ya motsa leɓe ɓarawo ne?

Abin da hedimasta ya yi mini alkawari shi ne ta maimaita aji shida. Ya ce, “Ki bar mana ita, za mu gyara ta.”

Sun kuwa gyara ta. Malamin ajin ya sa ta a layin gaba, ya ce ta riƙa cizon fensir a gicciye in ana aiki. In ya ji ƙus, bulala a tafin hannu. In ta yi rangaji, a sa yara biyu su matse ta dama da hagu. Ban san da wannan ba sai da na ga fensiranta duk sun zama kamar asuwaki, na tambayi 'yar ajinsu. Na sake ɗaukar mayafi, wannan karon babanta ya hana. Ya ce, “Suna taimakonta ne. Ke kina da wata hanyar?” Ba ni da ita, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Matan unguwa kuma suka fara shigowa da shawara, wai iska ce, a kai ta a yi mata ruƙiyya. Kaka ta kore su da muciya a hannu, ta ce iskar tana gidajensu. Mutum ɗaya ce ta faɗi abin da ya shiga kunnena, maƙwabciyarmu 'yar kudu mai sayar da robobi, da Hausarta ta kasuwa: “Mama, yarinya ba shi da aljani. Kansa ne daban. Ka bar shi ya yi magana.”

A hankali gidan ya fara yin shiru. Yarinyar ta koma ɗebo ruwa baki a rufe, ta dawo da moɗa ba komai a ciki, ko ta bar randa a buɗe kaji su hau. Kaka ta ce, “Ƙawata, an ɗauke wuta ne a tashar?” Yarinyar ta wuce ta da moɗa a hannu.

Da shekara ta zagayo, ranar jarrabawa ta biyu, ba ta dawo da wuri ba. Na ji daɗi, na ce wa Kaka ai shi ke nan. Sai bayan azahar ta shigo tare da sauran yara, fuskarta a sake, har da ɗan murmushi. Ta zo ta tsaya a gabana ina tankaɗe, idonta a kan rariya.

“Adda, ban yi magana ba. Ko sau ɗaya.”

“Madalla. Me kika rubuta?”

“Sunana.”

“Sai me?”

“Da lambata.”

Na ajiye rariyar. “Sauran fa? Ba ki san su ba ne?”

“Suna nan. Ba su fito ba, don ban kira su ba.”

An bar su sun taho da takardar tambayoyin. Na jawo yarinyar jikina, ni da ban taɓa jawo ta a gaban Kaka ba, na ce zauna nan ki karanta mini da ƙarfi, ki ba ni amsa, nan gidanku ne. Ta dubi takardar, leɓenta ya motsa, sai ta sa bakin hijabinta a baki ta cije.

“An hana,” ta ce.

Sakamako ya fito yadda kowa ya sani. Babanta ya cika maganarsa, ban kuma ga laifinsa sosai ba, abin da takarda ta nuna masa ya bi. Da ya haɗu da hedimasta a kasuwa, ya dawo yana ba ni labari wai mutumin ya yi masa jaje, ya ce, “Rashin rabo ne kawai, amma wallahi bana ta natsu ƙwarai, ba wanda ya kawo ƙararta.” Ban san lokacin da na wurgar da ludayin da ke hannuna ba.

'Yata ba ta ga ɗakin kwalaben nan ba. Ƙannenta biyu sun shiga sakandaren, ɗayansu ma ko sunan gilashin bai riƙe ba. Daga baya na ji wani likita a rediyo yana bayanin yara masu irin halinta, har da sunan abin da Turanci, yana cewa a wasu wurare akan ware musu ɗaki su yi jarrabawa. Ashe barandar da na roƙa ba hauka ba ce. Na kashe rediyon, don ban iya jin sauran ba.

Yanzu ta girma, tana nan tare da ni, ita ke riƙe da rabin aikin gidan. Maganar ta dawo, amma ba gaba ɗaya ba. Sai ta tabbata ba kowa kusa take yi, da ta ji takun mutum sai ta ɗauke. Don haka in na hango ta ta shiga madafa, sai in zare takalmana in bi jikin bango in tsaya. Can sai in ji ta ƙasa-ƙasa: “Albasa, a yanka, kar a yanke hannu, mai ya yi zafi.” Ni da gidana, ni da 'yar da na haifa, sai na yi sanɗa kamar ɓarauniya kafin in ji muryarta. Wanda ya fizge takardar nan kuwa na tabbata ko fuskarta bai riƙe ba.