Mutumin da Bai Taɓa Yar da Gwangwani Ba

Shekara arba'in da ɗaya ya yi yana fentin gidajen mutane, amma ba mai kiransa Mai Fenti a layinsu. Sunan da ya bi shi shi ne Baba Zai-Yi-Amfani, kuma shi ya jawo wa kansa. Ka nuna masa lanƙwasasshiyar ƙusa, ko marfin da tukunyarsa ta mutu tun yana saurayi, ko takalmi wari ɗaya, sai ya jujjuya abin a hannu, ya ɗan karkata kai, ya ce, "Ajiye. Zai yi amfani." Yaushe zai yi amfanin, wannan kuma bai taɓa gaya wa kowa ba.

Duk cikin tarkacen duniya ba abin da ya kwanta masa a rai kamar gwangwani. Akwai wani ɗaki bayan kicin da aka gina da niyyar saukar baƙi, har yau baƙo bai taɓa kwana a ciki ba. Katakai ne hawa shida a jikin bango, gwangwanaye jere a kai, wasu na ƙusoshi, wasu na maɓallai, wasu na makullan da ba wanda ya san ƙofarsu, wasu kuma ba abin da ke cikinsu sai ƙananan gwangwanaye. Kowanne ya sha fenti shafi uku, har ƙasansa inda ba mai gani. In aka tambaye shi dalili sai ya ce ragwayen masu fenti ne ke shafe inda ido ke kaiwa kawai, shi ba da su aka haife shi ba.

Matarsa, wadda kowa ke kira Iya, ta yi faɗa har bakinta ya gaji. Sau ɗaya ta faki idonsa ta kwashi guda bakwai ta kai bola. Da yamma ya dawo da tara. Tun daga ranar ta zuba masa ido.

Ana nan sai autarsu, malamar makaranta, ta haifi 'ya mace. Ta yi doguwar jinya bayan haihuwar, nono ya ƙi wadata, likita ya ce a riƙa haɗawa da madarar jarirai. Mijinta direban babbar mota ne, sai ya yi sati biyu bai ga gida ba. Don haka kullum da safe Auta kan kawo jaririyar wurin iyayenta ta wuce aiki. Baba ne ya raɗa wa yarinyar suna Manaja, domin in ta buɗe baki sau ɗaya manya uku ne ke miƙewa tsaye.

Shi ya karɓe aikin dama madara, ya ce haɗi sana'arsa ce, ba wanda zai koya masa awo. Gaskiya kuwa ba a kushe shi. Yakan tafasa ruwa, ya bar shi ya huce, ya cika cokalin awo, ya share kansa da bayan wuƙa, ya ɗiga a bayan hannunsa ya ji ɗumin, yana yi yana ba Manaja rahoto kamar ƙaramin ma'aikaci. Duk duniya ba abin da yake so kamar yarinyar nan, ko gwangwani bai kai ta ba, kuma wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Aibinsa ɗaya ne, ba ya iya jiran gwangwani ya ƙare. Da Auta ta ajiye sabuwar madara sai zuciyarsa ta hau ƙaiƙayi. Ya samo wata ƙatuwar kwalba mai marfi, ya wanke ta sau uku ya shanya, duk madarar da aka kawo sai ya juye ta ciki, sabuwa a kan ragowar tsohuwa. Kafin la'asar gwangwanin ya sha shafin farko yana shan iska a kan katanga.

Ranar wata Talata da hantsi Iya tana shara ta ji sanarwa a rediyo. An ce wani sinadari da ba shi da haɗi da abinci ya shiga wani rukuni na madarar jarirai da ya fito kasuwa cikin sati shida da suka wuce. An ce yana taruwa a ƙodar yaro ya zama tsakuwa, fitsari ya ragu, in aka yi sake ƙodar ta tsaya. Aka ce a daina bayarwa, a duba lambar da ke ƙasan gwangwani, aka karanto lambar sau uku. Iya ta rubuta ta a bayan kalanda da fensirin Baba.

Ba ta gama ajiye fensirin ba Auta ta faɗo gidan, alli har a goshinta.

"Baba, ina gwangwanayen madarar?"

Shekara arba'in yana jiran ranar da wani zai yi masa wannan tambaya. Ya juya ya dubi Iya, murmushi na neman ƙwace masa. "Kin ji ko? Me nake faɗa miki kullum?"

"Lambar da ke ƙasansu nake so in gani," in ji Auta.

Murmushin ya tsaya a rabin hanya. Iya ta dubi ƙofar ɗakin baya, ta dube shi, ta sake duban ƙofar. Sai kuma ta ce a hankali, "Kwana biyu ke nan fa ƙunzugun yarinyar nan ba ya jiƙewa sosai. In za ta yi fitsari sai ta yi ta tsala ihu. Na ɗauka haƙori ne."

Tsoro ya kama su su duka. Auta ta saɓi Manaja ta yi asibiti. Ba a jima ba ta bugo waya, ta ce layi har bakin titi, uwaye sun fi ɗari, na'urar hoton ciki kuma ɗaya ce. Nas ta ce waɗanda suka zo da gwangwani mai lambar nan su za a fara dubawa, sauran sai gobe ko jibi.

Baba ya shiga ɗakin baya ya tsaya a gaban gwangwanaye ɗari uku da 'yan kai. A nan ne haukarsa ta yi rana, domin shi da launi yake lissafin kwanaki. Duk aikin da ya yi, da ragowar fentin yake shafe gwangwanayen watan. Shuɗaye na lokacin da ya yi wa ɗakin shan magani fenti ne, sun tsufa. Sati shidan nan kuwa shagon mai aski ya shafe, launin ruwan ɗorawa.

"Huɗu ne," ya ce. "Masu ruwan ɗorawa."

Na farko yana hawa na uku cike da ƙusoshi, ya zazzage su a ƙasa, Iya ta taka ɗaya ta faɗi abin da ba ta taɓa faɗa ba a zaman aurensu. Na biyu yana ƙarƙashin famfon da ke ɗiga. Na uku ya dasa barkono a ciki, har ya fara fure, kullum sai ya gaishe shi da safe. Ya kife shi ba ko waiwaye. Na huɗu kuwa yana shagon mai aski, an zuba mataji a ciki.

Ya isa shagon yana haki, ya tarar mai aski ya kai rabin kan wani mutum.

"Ba ni gwangwanina."

"Haba Baba, ba kyauta ka ba ni ba?"

"Aro na ce. Ka taɓa jin na yi kyautar gwangwani?"

Da mai aski ya ji dalili sai ya zube matajin, ya ɗauki sabuwar reza, ya biyo shi. Mutumin da ake yi wa aski ya jira, ya ga ba sarki sai Allah, shi ma ya biyo su da ƙyalle a wuya, rabin kai fes rabi daji.

A tsakar gida aka kife gwangwanaye huɗu. Mai aski ya ce a goge da fetur a huta. Baba ya ce fetur bai san fenti da lamba ba, duka zai lashe. Dole sai an kankare da reza, a hankali, shafi bayan shafi. Ya zauna a ƙasa ya fara. Fentin kuwa ya kama kamar a jiki aka halicce shi, domin wanda ya shafa shi ba rago ba ne. Duk zagin da ya yi wa masu fentin ganin ido a rayuwarsa, ranar ya yi fatan da ma shi ma ɗaya ne daga cikinsu.

Wata matsalar kuma, tabarau ɗaya ne a gidan. Shi sai da shi zai ga inda reza ke bi, Iya sai da shi za ta karanta bayan kalanda. Sai ya kankare harafi biyu ya cire ya miƙa mata, ta duba ta miƙo masa. Mai rabin kai ya ce shi idonsa garau ne a bar shi ya karanta, Iya ta ce ba ta yarda da karatun wanda bai san yadda kansa yake ba.

Na ƙusoshi bai dace da lambar ba. Na famfo bai dace ba. Na barkono ma haka, mai aski har ya fara yi wa shukar ta'aziyya. Baba bai yi dariya ba. Ya jawo na huɗu ya hau kankara. Harafin farko ya fito daidai da na kalanda, na biyu ma haka. Da aka kai na biyar Iya ba ta miƙo tabarau ba, ta cire shi ta riƙe a cinya.

"Shi ne," ta ce.

Da rigar aikinsa mai ɗigon fenti ya isa asibiti, gwangwani a hannu ɗaya, kwalbar madara a ɗayan. Nas ta duba lambar ta shigar da Auta nan take. Likita, wata mata mai gajeriyar magana, ta tambaya tun yaushe yarinyar ke shan wannan.

"Kwana goma sha ɗaya," in ji Baba. "Ranar da na yi masa shafi na biyu hadari ya taso, sai da na shigar da shi kicin."

Likita ta dube shi ta saman tabarau, ta rubuta. Hoto ya nuna 'yan ƙananan tsakuwoyi kamar yashi a ƙoda ɗaya. Ta ce an zo da wuri, za a kwantar da ita a sa mata ruwa, abin da ake jira shi ne fitsari ya sake, in bai sake ba sai a yi wata maganar. Sannan ta ɗaga kwalbar ta ce madarar jariri a gwangwaninta ake barinta, ba a juyewa, ba a gauraya tsohuwa da sabuwa, ba a kuma yi wa lamba fenti. Mutumin da ko injiniya ba ya bari ya gyara masa aiki ya sunkuyar da kai ya ce, "To, ranki ya daɗe."

A benci ya ce wa Iya, "Da hannuna na auna mata. Har share kan cokali nake yi don kada ta cutu."

"Kai ka zuba gubar?" in ji Iya. "Wanda ya zuba yana can a ofis mai sanyi yana shan shayi. Kai laifinka fenti ne, shi kuma mun saba."

Ta yi gaskiya, amma gaskiyar ba ta sa ya ci abinci ba. Kwana biyu yana zarya tsakanin gida da asibiti, kuma duk wanda ya fito daga ɗakin, nas ko mai shara, tambayar da yake masa ɗaya ce, ta yi fitsari? Har masu jinya suka daina gaishe shi, da sun hango shi sai su ce, "Ɗan kaɗan, Baba."

Rana ta uku da safe Iya ta tilasta masa ya sa farar rigarsa ta zuwa taro, ta ce ya daina tsorata marasa lafiya. Auta ta cire wa Manaja ƙunzugu, ta miƙa masa ita ya riƙe kafin ta ɗauko wani. Sai ya ji ɗumi a ƙirjinsa. Ɗumin ya gangara cikinsa, ya wuce aljihu, ya nufi gwiwa, Manaja kuwa ko a jikinta, sai kallon fanka take yi.

Auta ta miƙo hannu. "Wayyo Baba, rigarka. Kawo ta."

"Kada ki taɓa ta," ya ce. "Bari Manaja ta gama aikinta."

Haka ya tsaya ƙiƙam a tsakiyar ɗaki, fitsari na ɗiga cikin takalminsa, hawaye na bin gemunsa, yana cewa a kira likita ta zo ta gani da idonta. Likita ta zo, ta ga tafkin da ke ƙasa, ta ce haka ake so. Iya ta ce ya je ya canza riga, ya ce sai ta bushe a jikinsa.

Da za a sallame su washegari, nas ta biyo su da gwangwanin. Ta ce hukuma ta riƙe kwalbar don gwaji, wannan kuwa an ɗauki lambarsa, ga kayansa. Baba ya karɓa, ya jujjuya shi a hannu, ya ɗan karkata kai. Iya da Auta suka dubi juna, sun san abin da ke tafe.

"Yar da shi, 'yata," ya ce wa nas. "Wannan ba zai yi amfani ba."

Shekara arba'in Iya na jiran wannan kalma daga bakinsa, da ta zo kuma sai ta ji ba daɗi. Ta sa hannu ta karɓe gwangwanin kafin ya kai kwandon shara. Akwai masu goyo uku a layinsu, ɗaya ma ba ta da rediyo, kuma mutum ya fi yarda da abin da ya riƙe a hannunsa.

"Ajiye," ta ce, tana tura shi cikin jakarta. "Ɗauki yarinyar mu tafi, akwai gidajen da za mu biya."