Gwiwar da Labo Ya Ce Ta Taɓa Ƙasa

Duk wanda ya ci kasuwar Danja a shekarun nan na bayan samun 'yancin kai, in ya ce bai san Labo ba, to kurma ne. Makaho ma ya san shi, don tun daga bakin rafi ake jin muryarshi. Mutumin Unguwar Maitama ne, manomin auduga da dawa, ƙato na ban mamaki. Wuyan nan kamar turmi, in ya zauna kan tabarma sai sauran jama'a su nemi wata. Amma duk girman nan, Labo bai taɓa shiga fage ya yi kokawa ba. An ce tun yana yaro wata mai tallar ƙosai ta taɗe shi gaban mutane, daga ranar ya yi sallama da kamawa, ya koma kokawar baki. Ita kam wannan, daga Malumfashi har Dandume babu mai kai shi ƙasa.

Ya san 'yan kokawar da aka yi tun kafin jirgin ƙasa ya iso Funtua. Wa ya kayar da wa, a wace kaka, da wace ƙafa aka harɗe shi. Wanda ya mutu tun ba a haifi Labo ba ma, zai gaya maka kalar warkin da yake ɗaurawa, ya kuma yi fushi in ka yi gardama.

Sai dai duk inda hirar ta faro, wurin Baƙo take ƙarewa. Baƙo Bamaguje ne daga gidajen bayan Danja, gajere, dunƙulalle, kamar an dasa kututturen gawo an sa mashi ido. Tun yana saurayi ba a taɓa ganin bayanshi a ƙasa ba. Labo kuwa shi ne mai ɗaukar shi. Da Baƙo ya yi kaye, kafin makaɗi ya juya ganga, Labo ya faɗa fage ya cusa kai tsakanin ƙafafunshi, ya miƙe da shi a wuya, ya zaga da shi yana kirari har sai murya ta dishe. Matarshi Tasalla takan ce wuyan mijinta bai san dammin dawa ba, Baƙo kawai ya sani.

Abokin gardamarshi Ummaru tela ne, wani siriri mai keken ɗinki a bakin kasuwa, wanda bai san komai a kokawa ba sai yadda ake tayar wa Labo hankali. Yau ya ce Baƙo zaɓen abokan kamawa yake, gobe ya ce man shanu yake shafawa a ƙugu, jibi ya ce ai ya ji an taɓa nannaɗe shi a wani ƙauye can wajen Zariya. Labo zai tashi tsaye, ya cire hula, ya kwatanta kamun da jikin duk wanda tsautsayi ya zaunar kusa da shi. Akwai mai albasar da ya daina cin kasuwar Danja saboda haka.

To, Labo yana da ɗa, Shitu, kuma ɗan fari ne. Kun dai san yadda ake da ɗan fari: uba ba ya kiran sunanshi, ba ya yabon shi, ba ya wasa da shi gaban mutane. Labo ya ɗauki wannan kunyar ya ƙara mata gishiri. "Yaron gidan nan" yake ce mashi. Mutumin da ke iya kwana yabon ɗan yatsan ƙafar Baƙo, bai taɓa buɗe baki ya ce yaron gidan nan ya iya noma ba. Shitu kuwa a cikin hirar nan ya tashi. Ya ji uban ya yabi matattu, ya yabi baƙi, ya yabi wani gurgu na Bakori da aka ce da hannu ɗaya yake kamawa. Haka ya yi ta girma, yana faɗi, har ƙirjinshi ya so ya fi na uban.

Da ya isa, ya tafi Funtua dakon diloli a kamfanin auduga. Ba a jima ba labari ya fara biyo motocin kasuwa: wai akwai wani ɗan Unguwar Maitama da ke ɗaukar ƙarti a fage kamar yadda yake ɗaukar dila. In aka kawo zancen a rumfar Ummaru, sai Labo ya taɓe baki ya ce yaran yanzu ba kokawa suke ba, ture-ture ne. Amma da ya koma gida sai ya zauna bakin murhu yana kame-kame, yana tambayar Tasalla ko ta ji wani abu wajen masu zuwa Funtua. Ta faɗa mashi. Ya ce bai ji da kyau ba, ta maimaita. Ya ce da wace ƙafa? Ta ce ita ta sani, tana can? Irin ranar nan tuwo malmala huɗu yake tashi da shi, yana murmushi shi kaɗai kamar wanda ya tsinci akuya.

Kakar da ta gabaci yaƙin basasa aka yi babbar kokawa a Danja, bayan an gama tsinkar auduga. 'Yan dakon Funtua suka cika mota suka zo da Shitu. Baƙo a lokacin furfura ta fara leƙo mashi a gemu, kamu ɗaya yake a yini ya koma ya zauna. Da la'asar ta yi, yara sun gama nasu, aka sauya kiɗa, sai ga Shitu ya ratsa fage a hankali. Ya wuce samarin Malumfashi, ya wuce na Dandume, ya zo gaban Baƙo ya durƙusa, ya miƙa mashi hannuwa biyu, alamar shi yake so su kama.

Har makaɗi sai da ya manta da gangarshi. Abokin uba ne fa. Kowa ya zaci Baƙo zai dafa kanshi ya sallame shi. Sai ya yi dariya, ya gyara layun damtse, ya miƙe.

Ni ban taɓa ganin kamu irin wannan ba, kuma waɗanda ba su je ba sun fi ni ba da labarinshi. Sun daɗe a sarƙe, kai da kai, ƙafafu na huɗar ƙasa kamar garma. Baƙo ya kawo harɗiyar nan tashi da ta gama da manya, Shitu ya sunkuya ƙasa sosai, ya zame mata, ya shige ƙarƙashi, ya rungumo cinya da ƙugu. Sai aka ga ƙafafun Baƙo a sama. Shitu ya sauke shi da baya, kuma a hankali ya sauke shi, kamar mai ajiye tulu.

'Yan Funtua suka kwaso da gudu za su ɗaga shi, Shitu ya ɗaga masu hannu, suka tsaya. Ya juya yana neman wani a cikin taro, ya same shi. Labo ya riga ya shigo fage, ƙafafunshi sun kawo shi tun bai yi shawara da su ba. Ga Baƙo kwance yana mayar da numfashi, ga yaron tsaye, ƙura har gira, ya ɗan buɗe ƙafafu yadda mai kaye ke yi in yana jiran a ɗauke shi.

Ƙirjin Labo kamar ya fashe don daɗi. Wuyanshi har ya fara sunkuyawa. Sai muryar Ummaru tela ta fito daga bayan mutane, siririya kamar allura:

"To Labo, duƙa mana. Yau Danja za ta ga uba ya goya ɗan farinshi."

Aka kwashe da dariya. Labo ya ji ta har tafin ƙafa. In ya duƙa, ya zama abin hira har jikoki. In ya tsaya, me zai ce ya shigo yi? Bakin nan da bai taɓa barin shi a tsaye ba, shi ya yi mashi gaba.

"Ba kaye ba ne," ya ce. "Gwiwarshi ta taɓa ƙasa tun kafin ya ɗaga."

A kokawa kuwa, gwiwa ta taɓa ƙasa, kai aka kayar. Fage ya kaure. 'Yan Funtua na rantsuwa, mutanen Baƙo na tsalle. Dattawan fage suka haɗa kai, ba su jima ba suka rabu, don hujjar tasu ba ta da wuya: idon Labo ba ya kuskure a kokawa, kuma uba ba zai yi wa ɗan cikinshi ƙarya ba. Baƙo na daga zaune yana ɗaga hannu yana cewa a tsaya, an kayar da shi, amma ganga ta riga ta tashi da takenshi, ba wanda ya ji.

Shitu ya tako har gaban uban. Bai ɗaga murya ba.

"Baba, da idonka ka gani?"

Labo ya dubi gefe, wajen masu rake. "Na gani."

"To shi ke nan, Baba. Allah ya huta gajiya."

Ya ɗauki rigarshi ya bi hanyar mota. Ko gida bai leƙa ya gai da uwarshi ba. Labo ya ɗauki Baƙo a wuya kamar kullum, ya zaga da shi, amma ba a ji kirari ko ɗaya ba, kuma rabin fage kawai ya yi ya sauke shi.

Washegari Baƙo ya zo Unguwar Maitama yana ɗingishi, ya tarar da Labo na gyaran rumbu. Bai ko zauna ba. Ya ce shi fa ya daɗe yana jiran wanda zai sauke mashi wannan kaya, ƙugu ya gaji, gwiwoyi sun gaji, kullum yana roƙon kada ya faɗi a hannun wani baƙon yaro mara ladabi. Da ya ga ɗan Labo ne, daɗi ya ji.

"Kai kuma ka ƙwace mani faɗuwata, ka ƙwace mashi kayenshi," in ji shi. "Ni da nake sarƙe da shi na ga gwiwar. Kaza ma za ta wuce ta ƙasanta. Tashi ka je Funtua, ƙaton banza."

Labo ya ce zai je. Bari dai a kai auduga awo. Aka kai, ya ce bari a gama jinkar ɗaki. Aka gama, ya ce yaron ai zai zo da sallah. Sallah ta zo, yaro bai zo ba, sai turmin atamfa da ya aiko wa uwar. Gaskiyar magana, Labo bai san yadda uba ke tsayawa gaban ɗan fari ya ce na yi ƙarya ba. Bai taɓa gani ba, ba a taɓa ba shi labari ba. Tasalla ba ta yi mashi faɗa ba, da ma ta yi. Takan ajiye mashi tuwo ta koma ɗaki, hirar bakin murhu ta mutu. A kasuwa kuwa gardamar gwiwa ta zama abinci, har masu fura sun rabu gida biyu, amma Labo in an tambaye shi sai ya ce haƙori ke mashi ciwo. Ummaru tela da kanshi ya daina tsokanar shi, ya koma yi mashi ɗinki kyauta, abin da ya fi zagi ciwo.

Da damina ta zauna aka ce yaƙi ya ɓarke a Kudu, ana ɗaukar soja. Wannan ne ya tayar da Labo. Ya bar gona da ciyawa, ya hau motar Funtua, a hanya yana ta haɗa maganar da zai faɗa, yana rushewa. A ƙofar kamfani 'yan dako suka gane shi tun daga nesa. Ba wanda ya yi mashi maraba. Wani dattijo cikinsu ne ya ji tausayi ya ce ai Shitu na cikin waɗanda suka fara tafiya soja, kuma tun ranar Danja bai sake ɗaura warki ba.

Daga nan Labo ya samu sabuwar sana'a. Ya koma rumfar Ummaru da muryarshi ta da, yana ba da labarin kamun, yana rantsuwa gwiwa ba ta taɓa ba. Amma ba wanda ya yi mashi gardama. Kowa sai ya ce haka ne, Labo, ai mun sani. Mutumin da ya rayu da musu, aka bar shi da gaskiya a hannu ba mai saye.

Sai ya koma tashar jirgin Funtua. Duk ranar da ya samu sarari yana can, yana leƙen masu kaki da ke saukowa. A shekara ta biyu ta yaƙin ya tare wani kofur da ya zo ganin gida, hannu a rataye. Ya tambaye shi ko ya san wani ƙato mai faɗin ƙirji, ɗan wajen Danja, ɗan kokawa. Kofur ya ce soja fa ba ƙauye ba ne, Baba, ƙarti sun fi a ƙirga. Labo ya ce ba komai, in dai ya gamu da shi ya gaya mashi saƙo. Ya cire hula, ya sunkuya nan kan dandamalin tasha, tsoho ƙato guda, ya nuna mashi yadda yaron ya zame, yadda ya shige ƙarƙashi, ya sa tafin hannu tsakanin gwiwarshi da ƙasa.

"Ka gani? Haka take. Ba ta taɓa ba. Ka ce mashi ubanshi ya gani."

Kofur ya ce to, in Allah ya haɗa su. Ya gyara jakarshi ya nufi wajen masu mota. Labo ya so miƙewa, ƙugu ya ƙi, sai ya zauna a wurin yana kallon ƙofar jirgin, ko akwai sauran wanda bai sauko ba.