Mutumin da ba ya taɓa kwamfutar kowa

Kafin mai shara ta gama da baranda, shi ya riga ya buɗe ɗakunan lacca. Ya gwada majigi, ya hura makirufo, ya liƙe wayoyin da ke ƙasa kada wani ya yi tuntuɓe. Sannan ya koma ɗan ofishinsa na ƙarƙashin bene ya jira mu, mu malaman jami'a da kwamfuta ke yi wa gardama.

Hannu-baya muke ce masa, kuma da dalili. In ka kai masa kuka, ba ya karɓar kwamfutarka. Sai ya goya hannuwa a baya, ya tsaya gefenka, ya ce, "Danna can, Malam. A'a, na kusa da shi." Abin da zai gama cikin ƙiftawar ido, sai ya bar ka kana lalube. Wallahi da farko haushi yake ba mu.

Farfesarmu ta tarihi ce ta fi kowa shan wannan hali nasa. Bayan an yi mata aiki a maƙogwaro, muryarta ta daina kaiwa bayan aji, har ta fara zancen ajiye aiki, alhali koyarwa ce rayuwarta. Shi ya ba ta shawara ta riƙa naɗar darasi a nitse a ofis, ɗalibai su saurara a wayoyinsu, aji ya zama na tambaya da amsa.

"Bawan Allah, ka naɗa mini mana," in ji ta.

"Ranki ya daɗe, ranar da ba na nan fa?"

Da ta gwada naɗa da kanta, ta goge darasi sukutum bisa kuskure, ta yi fushi ta fita. Washegari ta dawo, ta tarar ya ajiye mata kujera. Yau tana nan tana koyarwa, ɗaliban wasu sassa ma roƙon darussanta suke yi.

Hannu-baya, kai ne gatan masu tsoron madannan kwamfuta. Ba ka taɓa yi wa furfura dariya ba, ba ka kuma taɓa kai labarin kuskuren wani ɗakin shayi ba.

Ranar da muka taru mu yi masa sallamar ritaya, majigi ya ƙi kamawa. Ya yunƙura zai tashi, Farfesa ta ɗaga masa hannu.

"Zauna," ta ce da 'yar muryarta. "Mai da hannunka baya."

Ta duba wayar majigin, ta danna, sai ga hotonsa a bango. Ya sunkuyar da kai yana murmushi, idanunsa sun ciko.

Mun gode, Hannu-baya, Allah ya sa ka huta lafiya. Wanda zai gaji ofishin nan na ƙarƙashin bene, don Allah ya gaji haƙurin barin mu mu danna da kanmu.