Rijiyar Gwaggo da Ciyawar Otal

Har yau in na ga koriyar ciyawa a gaban otal cikin bazara, sai raina ya ɓaci. Abokan aikina sun sani, har tsokanata suke yi. Abin da ba su sani ba shi ne, rabin fushin nan da kaina nake yi.

Ina aiki da wani kamfanin irin shuka a Kano, kuma ni ke kula da shiyyar Daura, tunda can aka yanke cibiyata. Kafin damina ta faɗi nakan yi mako guda ina zagaya dillalanmu, daga Zango har Kongolam. Wata shekara shugabanninmu suka kafa doka: ma'aikaci ba zai ƙara sauka a otal ba sai wanda yake kula da muhalli. Aka ba kowa fom, ya je shiyyarsa ya duba.

Na kuwa duba, duba irin ta ƙosasshe. Wani sabon otal ne a gefen gari. Sola a kan rufi, na sa alama. Kati a banɗaki, wai baƙo ya maimaita tawul ɗinsa don a rage ɓarnar ruwa, na sa alama. Ga ciyawa shar a tsakar gida, wani famfo yana juyawa yana fesa mata ruwa da rana tsaka. A nan har ƙarin yabo na rubuta da hannuna. Ni ɗan Daura, wanda ya san cewa a bazara akuya ma takarda take ci, ban tambayi kaina daga ina ruwan yake fitowa ba. Kallon kitse na yi wa rogo. Tun daga nan duk ma'aikacinmu da ya zo Daura, can yake sauka.

Bayan katangar otal ɗin, layi biyu kacal, gidan gwaggona yake, ƙanwar mahaifina. Allah bai ba su haihuwa ba ita da mijinta. Kafin ya rasu, malam, wato mijin nata, ya haƙa rijiya a ƙofar gida, a waje, don kowa ya ja. Ya ce tunda ba shi da ɗan da zai bi shi da addu'a, wannan ce guzurinsa. Gwaggo ta riƙe rijiyar nan kamar ɗa. Igiya ta tsinke ta saya, guga ya huje ta sake. Takan ce kowane guga da aka ja, ladan yana isa kabarinsa.

A shekara ta biyu da fara saukarmu a otal ɗin, na je gaishe ta da la'asar. A gidan gwaggo ba a fara gaisuwa sai baƙo ya sha ruwa, kuma ruwan rijiyar malam, daga randa, a moɗa. Ranar sai ta miƙo mini ruwan leda, tana kau da kai kamar wadda aka kama da laifi.

"Gwaggo, ina ruwanmu?"

"Ba ka kula ba da za ka shigo, ɗan nan? Rijiya ai ta ƙafe."

Na fita na duba. An rufe bakinta da wani tsohon kwano, an danne da dutse. Ta ce sau biyu masu yasar rijiya suna shiga, ba su fito da komai ba sai laka. Su ne suka gaya mata cewa tunda otal ya haƙa rijiyar burtsatse, injinsa na zuƙa safe da yamma, rijiyoyin layin suke mutuwa ɗaya bayan ɗaya.

Sannan ta ce, "Kai da ka yi boko, in tambaye ka mana. Yanzu shi malam, ladan ya tsaya ke nan?"

Na ce mata Allah yana duba niyya. Ta gyaɗa kai, amma na san ban gamsar da ita ba. Ban iya gaya mata inda nake kwana ba, kunya ta hana ni.

Kai tsaye na wuce ofishin manajan otal. Mutum ne mai fara'a, irin fara'ar da take ƙara wa mai fushi fushi.

"Kun san kun shanye wa maƙwabtanku ruwa?"

"Haba yallaɓai, tamu ta fi tasu zurfi nesa ba kusa ba. Ruwan ba ɗaya ba ne."

"To ku daina shayar da ciyawa. Ko ku huda katanga ku fitar musu da famfo ɗaya. Ɗaya tak!"

Ya yi murmushi ya nuna bango. Takardar yabo ce daga kamfaninmu, an sa ta a gilashi. Na gane kalmomin, domin nawa ne. Ya ce, "Ranka ya daɗe, baƙi ciyawar suke so. Ai ku ne kuke ba mu maki a kanta."

Wallahi na so in fasa gilashin nan. A hana ni wanke tawul don tattalin ruwa, a kuma kwarara wa ciyawar da ko tunkiya ba a bari ta ci ruwan unguwa guda! Amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Na haɗa kayana na koma zauren gwaggo, na ƙarasa makon a kan tabarma.

Na rubuta wa ofis doguwar takarda. Bayan watanni suka cire otal ɗin daga jerinmu, suka ƙara tambaya ɗaya a fom: daga ina ruwan yake fitowa, kuma maƙwabta suna samu? Ihu bayan hari. Wasu baƙin suna nan suna sauka, ciyawa tana nan shar, rijiya kuma ba ta dawo ba.

Gwaggo ba ta jira kowa ba. Ta fito da randarta ta kafa a gefen rijiyar, ta ɗora moɗa a kai. Kullum da safe tana sayen ruwa wajen masu turo kura, da ɗan abin da take samu a ƙuli-ƙuli, ta cika ta don masu wucewa. Na ce zan ɗauke mata wannan nauyi, ta ƙi. Ta ce tsakaninta da malam ne.

Zuwana na ƙarshe, a bakin randar na same ta tana jira. Ba na jin ƙishi, amma ta kamfato ta miƙo mini da hannu biyu.

"Sha, ɗan nan. Shanye duka, a rubuta masa."

Na kafa baki. Daga bayan katanga ina jin famfon nan yana juyawa, yana fesa ruwa. Na shanye, ban rage ko ɗigo ba.