Tseren da Na Kalla ta Bayan Labule

Abubuwa da yawa na zaman da muka yi a Madina sun ɓace mini, har sunayen maƙwabta sai na yi ta lalube. Amma akwai wata ranar Alhamis da na san da ita za a binne ni.

A farkon shekarun tamanin ne, muna haya a unguwar Bani Harisa. Maigidana direba ne, yana jigilar dabino daga gonakin Badar zuwa kasuwar gari. Abin da mutanenmu na can ba su sani ba shi ne ni ma na iya tuƙi. Mahaifina ya koya mini a Maraɗi tun ina budurwa. A shekarar farko ta aurenmu ma, da zazzaɓi ya kwantar da maigidan a hanyar Kano, ni na karɓi sitiyari na kai shi asibiti yana ta sambatu. Amma tun kafin mu sauka Jidda ya ja mini kunne: ƙasar nan mata ba sa tuƙi, kada in kuskura in yi zancen ko a cikin mata, kada ya kai kunnen mai gidan aikinsa a ce matarsa fitsararriya ce. Na ce to. Na riƙe bakina har 'yarmu da aka haifa a can ta yi wayo ba ta sani ba.

A lokacin bidiyo ya shigo, mu kuma muna da shi, don haka falonmu ya zama majalisar abokan maigidan. Ranar, bayan la'asar, wani ɗalibin jami'a ya zo da kaset na tseren motoci da ya samo a wurin wani ɗan Labanon. Tun daga ƙofa yake shela:

"Yau akwai dariya, wallahi! Mace suka saka a ciki, sabuwa fil, bana ta fara."

Al'adar gidan ita ce in na haɗa shayi sai in ƙwanƙwasa ƙofa, maigida ya zo ya karɓi tire ta bayan labule. Na ƙwanƙwasa, shiru. Na sake, shiru. Ƙarar injuna ta cika ɗakin, babu mai ji na. Sai na tsaya da tire a hannu, ta ɗan tsagin labule ina hango talabijin. 'Yata ta zo ta rakuɓe a jikina.

Ban taɓa ganin irin motocin ba. Kujera ɗaya, tayoyi a waje tsirara, direba kusan a kwance, kansa kawai ake gani cikin hular kwano. Ga ruwan sama ana tafkawa. Motar matar fara ce, daga can baya ta tashi. Mai bayani yana ta zuba da wani yare da ba wanda ya iya a cikinsu, amma hakan bai hana kowa zama gwani ba.

Wata jar mota ta sulale ta daki shinge. Wani tela ɗan Sudan ya ce, "Miskin, ruwa ne ya cuce shi." Can an jima farar motar ta ɗan karkace a kwana, ta gyara ta wuce. Ɗakin ya kaure.

"Ga irinta nan! Ai na faɗa!"

"Ya shaikh, a mayar da ita kicin kafin ta kashe bayin Allah."

Ni kuwa hannuna ya yi tsami da tire, amma ƙafata ta dama sai motsi take a kan siminti, ina taka birkin da babu. Matar nan ba ta da gaggawa. Ta wuce wannan, ta bi bayan wancan har ya gaji ya ba ta hanya. Maza suna ta zubewa a gefen titi, ita tana nan. Ba ta zo ta ɗaya ba, amma ta gama cikin na gaba-gaba, aka nuno 'yan kallo a jiƙe sharkaf suna ta ɗaga mata tuta.

Na ɗauka za su yi shiru. Ina! Ɗalibin ya ce ai don sauran sun faɗi ne. Telan ya ce motar ce mai kyau, ko akuya aka ɗora za ta kai. Wani dattijo Badamagare ne kaɗai ya ce, "Ni dai na ga yarinya ta yi ƙoƙari," suka taso masa har ya koma jan carbinsa. Daga nan ɗalibin ya juya ga maigidana.

"Kai ne direba a nan. Tsakani da Allah, mace za ta iya riƙe sitiyari?"

Maigidana ya san ina bayan labulen, don na ga ya saci kallon wajen. Ban nemi ya tona komai ba, da ya ce "Allah ne masani" ma ya ishe ni. Sai ya yi 'yar dariya ya ce:

"Mace da sitiyari? Haba dai. Ba a halicce su don haka ba."

Aka bushe da dariya. Na ajiye tiren a ƙasa, shayin ya riga ya huce, na koma kicin. Ban yi kuka ba. Wata irin gajiya ce ta sauko mini, kamar na wuni ina dakan gero.

Da suka tafi sallar magariba suka watse, maigidan ya dawo ya mayar da kaset baya, ya kira ni. Ya nuna mini kwanar nan ya ce a hankali, "Dubi yadda ta kamo ta. Wallahi ta iya. Irin hannunki ne." Na ce masa, "Da baƙinka suna nan bakinka ciwo yake?" Ya ce in gane, zaman ƙasar mutane sai da haka.

Muna cikin haka 'yarmu ta shigo. Hausa take ji, Larabci take mayarwa. Ta tambaye ni wai da gaske ne mace ba ta iya tuƙa mota? Na dubi ubanta, ya sunkuyar da kai yana gyaran wayar bidiyo. A ranar na karya alkawarin da na yi masa. Na ce, "Tana iyawa. Ni uwarki na iya, na taɓa tuƙa babanki tun daga daji har asibiti."

Ta dube ni, ta dubi ubanta, tana jira ya ce wani abu. Shi kuwa ya ci gaba da gyaran wayarsa. Sai ta ƙyalƙyale da dariya, irin dariyar da ta ji a falo, ta ce, "Ummi, ke dai da wasa!" Ta fice abinta.

Mijina ba mugu ba ne, Allah ya jiƙansa, tsoro ne ya yi masa yawa. Amma ranar na koyi cewa yabon da aka yi maka a ɗaki bayan baƙi sun tafi ba ya goge dariyar da aka yi maka a gabansu. Yaro kuwa abin da aka faɗa da ƙarfi shi yake ɗauka gaskiya, ko da uwarsa ce ta rantse masa da akasinsa.