Kalmar da 'Yata Ba Ta San Ma'anarta Ba

A bakin get ɗin makarantar 'yata, a Jikwoyi, aka yi mini ta'aziyyar mahaifiyata alhali tana raye.

Ranar Talata ce, bayan la'asar. Na taso daga ma'aikata, na sha cunkoson Nyanya har ƙafata ta yi tsami a kan birki. Ina tsayawa sai ga malamarsu ta Hausa ta nufo motata. Ta kama hannuna ta taga, ta sunkuyar da kai, ta ce, "Ashe an yi rashi ba mu ji ba? Allah ya jiƙan Hajiya, ya sa ta huta."

Da safe na bar Hajiya tana mitar an hana ta gishiri. Amma wata uku ke nan da muka ɗauko ta daga Zariya saboda hawan jini da kumburin ƙafa, kuma likita ya riga ya ja ni gefe ya ce a bi ta a hankali. Nan take na kira wayarta. Ta daɗe tana ƙara kafin a ɗauka.

"Ke, lafiya? Ina sauraren rediyo kin katse ni."

Ban taɓa jin daɗin faɗan Hajiya irin na ranar ba. Na kashe wayar na dubi malama, ita kuma kunya ta rufe ta, ta shiga laluben jakarta tana ba ni haƙuri. Ta miƙo mini takarda. Aikin gida ne ta ba su, kowa ya rubuta shafi guda a kan kakarsa, kuma na 'yata ne ya fi na kowa maki. Layin farko ya fara da "Marigayiya kakata."

Na karanta a nan cikin mota. Wata tsohuwa ce a wani ƙauye, tana kaɗa auduga da mazari, tana tara jikoki a farin wata tana yi musu tatsuniya da murya mai sanyi, ba ta taɓa ɗaga wa kowa murya ba. A ƙarshe aka roƙa mata hasken kabari. Hausar tsaf, babu kuskure ko ɗaya.

To, Hajiyata 'yar birni ce, ɗinkin hula ta yi har idonta ya gaza. In ta yi magana a tsakar gida sai an ji ta a gida na uku. Tatsuniya kuwa cewa take ba ta da lokacin ƙarya. Ita kuma 'yata, mai shekara sha uku, a nan Abuja aka haife ta, Hausarta irin ta bakin kasuwa ce: "Hajiya ya ce," "Momi ka zo." Ina za ta samo mazari?

Na san inda ta samo, don ni na nuna mata hanya. Manhajar nan ce ta ƙirƙirarriyar basira, wadda za ka rubuta mata abin da kake so ta tsara maka nan take. Da ita nake gyara wasiƙun ofis in oga ya matsa mini. Ni da kaina na sa mata ita a waya, har ina yi wa ƙawayena fahari cewa yanzu na huta da aikin gida.

A hanyar gida na sauke wa 'yata kwandon masifa. Na ce, "Ke wace irin yarinya ce? Ɗaki ɗaya kuke kwana da ita! Gadonta ga naki! Ki kashe ta a takarda don maki?"

Ta zaro ido. "Momi, ni ban kashe shi ba. Na ce ne kawai a rubuta mai taɓa zuciya, da Hausa mai kyau."

"Marigayiya fa? Ba ki gani ba?"

"Na gani. Ba irin Hajiya ba ne? Abin girmamawa? Ai kullum ina ji kuna cewa marigayi Malam, marigayiya Gwaggo."

Na gangara gefen titi na tsaya, don ba zan iya tuƙi ba. Gaskiya ta faɗa. Duk wanda ta taɓa ji an kira da wannan kalma, da ladabi aka ambace shi, ana sassauta murya. Ba wanda ya taɓa zaunar da ita ya gaya mata me ake nufi. Da na gaya mata, sai ta toshe baki da hannu ta fashe da kuka. Ni kuwa tsoro ne ya kama ni, irin wanda ba na iya faɗa wa kowa. Na san babu mai kawo ajali sai Allah, na yi ta istigfari, amma takardar nan da ke cikin jakata ta yi mini nauyi kamar dutsen niƙa.

Muka yi shawara Hajiya ba za ta ji ba. Ashe yarinyar ta riga ta yi mata alfahari tun makon da ya wuce cewa ta rubuta labarinta. Muna shiga, tana zaune a kan darduma ta miƙe kumburarrun ƙafafunta, ta ce, "Ƙawata, an dawo da takardar tawa? Zo ki karanta mini in ji irin sharrin da kika yi mini."

Na yi wa yarinyar ido. Ta fara daga kalma ta biyu, tana tuntuɓe a kan kalmomin da aka ce ita ta rubuta. Hajiya ta saurari ƙauyen, da audugar, da farin watan. Da aka zo kusa da ƙarshe yarinyar ta yi shiru ta ninke takardar.

"Kin tsallake," in ji Hajiya. "A farko kin tsallake, yanzu ma kin tsallake. Idona ne ya mutu, ba kunnena ba. Karanta duka."

Na ce, "Hajiya, shirmen na'ura ne kawai."

Ko kallona ba ta yi ba. Ni ce 'yar fari, ba ta taɓa kiran sunana ba, kuma ba a jayayya da ita. Yarinyar ta karanta, har da hasken kabarin.

Hajiya ta shafa addu'ar, ta ce, "Amin. Wannan baiwar Allah mutuniyar kirki ce, Allah ya jiƙanta. Amma ban san ta ba." Ta juya wajen jikarta. "Ni fa, yaushe za a rubuta ni? Kin tambayi ƙarfe, ga ni a kwance kusa da ke. Ki zo da biro da littafi in ba ki na gaske. Har da tabon nan," ta ɗaga hannunta na hagu, inda wata tsohuwar ƙuna ta kama daga wuyan hannu zuwa gwiwa, "wanda uwarki ma ba ta san asalinsa ba."

Ban sani ba kuwa. Tun ina ƙarama nake ganinsa, kunyar 'yar fari ta hana ni tambaya.

Yarinyar ta ce gobe. Ni ce na hana. Ni, da bakina. Na ce jarrabawa ta zo, saura kwana goma, a bari a gama tukuna. Hajiya ta dube ni a karon farko tun shigowarmu, kallo mai tsawo, ta ce, "To. Allah ya kai mu."

Duk kwanakin nan ban samu sukuni ba. Ina ofis sai in kira gida ba dalili. In wayata ta yi ƙara sai gabana ya faɗi. Hajiya kuwa kullum in yarinyar ta dawo sai ta tsokane ta, "Ga marigayiya nan tana gaishe ki," tana dariya, ni ina cewa ta bari don Allah. Sau biyu na ga ta sa an ajiye mata sabon littafin rubutu a ƙarƙashin matashinta. Na gani, na wuce, ina sauri.

Ranar da za a rubuta jarrabawa ta ƙarshe, da hantsi, mai aikinmu ta kira ni. Hajiya ta faɗi a bakin banɗaki. Ba ta rasu ba. Ɓarin jikinta na dama ne ya shanye, harshenta ya tafi tare da shi.

Ta yi mako biyar a haka. Kullum bayan la'asar 'yata za ta zauna a gefen gadon da littafin nan a buɗe da biro a hannu, ta ce, "Hajiya, na zo. Ki faɗa, ina rubutawa." A makonnin nan ne ta daina ce mata "ka", ba wanda ya koya mata. Hajiya za ta dube ta, bakinta ya motsa, sauti ya fito wanda ba kalma ba ne. Wata rana ta ɗaga hannun mai tabo da ƙyar ta ɗora a kan shafin, ta bar shi a nan har aka kira magariba.

Bayan ta rasu an yi sadakar bakwai, yarinyar ta zo da littafin ta ce in gaya mata abin da na sani. Na ce ɗinkin hula, da rediyo, da faɗa. Ba mu cika rabin shafi ba. Na tambayi ƙannena, na tambayi dangi a Zariya, kowa ya ce tun da ya san ta da tabon ya san ta. Waɗanda suka girme ta duk sun riga ta tafiya.

Manhajar tana nan a wayata, jiya ma na gyara wasiƙa da ita. Takardar kuma tana cikin durowata, da makinta da jan biro a sama. Na sha ɗauko ta in yaga, in kasa, don ita kaɗai ce cikakken shafin da aka taɓa rubutawa da sunan mahaifiyata. Na karanta ta ya fi a ƙirga, ina neman Hajiya a ciki. Kalma ɗaya ce tak ta zama gaskiya, ta farkon.